Obadiraf da Bashin Albashi: Yadda Ruwa Ke Hawa a Kan Kowanne

Duk wanda ake biyan albashinsa ta banki a Najeriya, malamin makaranta ne ko ma'aikaciyar jinya ko ɗan sanda, da wuya wata ya ƙare ba a yi masa tayin bashi ba. Ko dai saƙo ya shigo waya, ko ya buɗe manhajar bankinsa ya tarar an rubuta masa cewa ya cancanci kaza. Idan aka tace tayin nan, iri biyu ne. Akwai wanda ma'aikatan banki ke kira obadiraf, wato izinin cire kuɗi fiye da abin da ke cikin asusu, har zuwa wata iyaka da aka yanka wa mutum. Akwai kuma bashin albashi mai wa'adi, wanda ake zuba wa mutum dunƙule ɗaya, a riƙa cira kaɗan-kaɗan duk wata har ya ƙare. Jinginarsu ɗaya ce, albashin da ke bi ta hannun bankin kafin ya iso hannun mai shi. Amma yadda ruwa ke hawa a kansu ya sha bamban, kuma yawancin masu sa hannu a takarda adadin da za a ba su kawai suke dubawa.

A obadiraf ba a ba ka komai ranar da aka amince. Ƙofa ce aka buɗe, ko ka shiga ko ka bari. Muddin asusunka bai sauka ƙasa da sifili ba, ba ruwan ko kwabo a kanka. Ranar da ka cire fiye da abin da kake da shi, ranar lissafi ke farawa, kuma a kan abin da ka cira kaɗai, ba a kan iyakar da aka ba ka ba. Kwamfutar banki na duba abin da ake bin ka a ƙarshen kowane yini, ta ɗauki kason ruwa na shekara ta raba shi gida 365, ta rubuta rabon wannan yini ta ajiye. Asabar da Lahadi da hutun Sallah duk suna cikin ƙidaya. Sai ƙarshen wata ake tattara na dukkan kwanakin a cire lokaci ɗaya.

Bashin albashi kuwa tun ranar farko kuɗin gaba ɗaya ke faɗawa asusunka, kuma tun ranar ruwa ke hawa a kan dukkansa. Ko ka kashe shi nan take, ko ya kwana talatin a asusu ba ka taɓa ba, duk ɗaya ne ga banki. An riga an tsara maka jadawali: ga abin da za a cire kowane wata, ga ranar da za a cire na ƙarshe.

Lissafi ya fi bayani fito da abin fili, don haka bari mu ƙaddara wani malamin sakandare mai albashin naira 150,000, wanda bankinsa ya yanka masa iyakar 75,000 a kan ruwan kashi 30 cikin ɗari a shekara. Misali ne kawai, domin kowane banki da nasa kason. Ranar 10 ga wata aljihu ya bushe, ya ciri 20,000 ya yi cefane. Ranar 18 yaro ya kwanta rashin lafiya, ya ƙara 30,000. Albashi ya shigo ranar 28. Naira 20,000 ta yi kwana takwas ita kaɗai, ruwanta ya kama kusan naira 132. Daga nan bashin ya zama 50,000 na kwana goma, ruwansa kusan naira 411. Jimilla bai kai naira 550 ba. Da a ce ranar 10 ɗin ya karɓi bashin 50,000 na wata guda a kan kashi biyu da rabi a wata, wanda shi ne dai kashi 30 ɗin a shekara, da naira 1,250 zai biya, fiye da ninki biyu, alhali 30,000 daga ciki sai da ta yi kwana takwas a ajiye ba ta yi masa komai ba.

Akwai wani alheri kuma da obadiraf ke da shi wanda ba kowa ya lura da shi ba. Duk kuɗin da ya shigo asusun, daga ina ya fito, nan take yake rage bashin. Idan malamin nan yana koyar da yaran maƙwabta da yamma aka turo masa 10,000 ranar 20 ga wata, daga wannan daren a kan 40,000 za a riƙa lissafa masa ruwa, ba 50,000 ba. Ko da zai sake cire kuɗin bayan kwana uku, ya tsira da ruwan kwana ukun. A bashin albashi ba haka ba ne. Kuɗin da ya shigo zama zai yi a gefe, jadawali na tafiyarsa, sai dai idan mutum ya je da kansa ya nemi biyan bashin kafin wa'adi, kuma wannan ma da sharaɗinsa a takarda.

To amma ruwa ba shi kaɗai ake biya ba. Jagorar caje-caje da Babban Bankin Najeriya ya fitar, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2020, ta bar kason ruwa a matsayin abin da banki da abokin hulɗarsa za su daidaita, amma ta ƙayyade kuɗin gudanarwa da kada ya wuce kashi ɗaya cikin ɗari, a karɓa sau ɗaya. A kan irin wannan caji ake ɗora harajin VAT, wanda ya koma kashi bakwai da rabi tun Fabrairun 2020. Sau da yawa kuma akwai kuɗin inshora, wanda zai biya banki idan mai bashi ya rasu. Abin tambaya shi ne a kan me aka lissafa su. A bashin albashi a kan kuɗin da aka ba ka ne, kuma galibi tun a bakin ƙofa ake zare su, sai ka ga ka nemi 300,000 amma abin da ya iso bai cika ba, ruwa kuwa a kan 300,000 ɗin yake hawa. A obadiraf, inda aka lissafa su a kan iyaka, malaminmu zai biya 750 da ɗoriya tun bai ciri ko sisi ba. Wanda ya buɗe ƙofar don ko-ta-kwana ya shekara bai shiga ba, ya biya kuɗin abin da bai mora ba. Wanda kuma ke shiga kowane wata, wannan caji bai taka kara ya karya ba a wurinsa.

Shi ma bashin albashi ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan ne ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Akwai mai lissafa ruwa a kan abin da ya rage, akwai mai lissafawa a kan uwar kuɗin da aka karɓa tun farko har ranar ƙarshe. A baki duka biyun za su ce maka kashi biyu da rabi ne a wata. Ɗauki naira 300,000 na wata goma sha biyu. Idan a kan abin da ya rage ake lissafi, kowane wata za a cire kusan 29,250, kuma ruwan shekarar gaba ɗaya bai wuce 51,000 ba, domin duk biyan da ka yi yana rage uwar kuɗin da ruwa ke hawa a kai. Idan a kan uwar farko ake lissafi, 7,500 ne ruwan kowane wata ba ragi, ana cire 32,500, ruwan shekara ya tashi 90,000. A wata na goma sha biyu, lokacin da 25,000 kacal ta rage a kanka, kana nan kana biyan ruwan 300,000. Wannan bambancin kusan naira 39,000 yana ɓoye ne a cikin layi guda na takardar sharuɗɗa. Obadiraf ba shi da wannan fuska biyu, domin yanayinsa ne a lissafa a kan abin da ake bin ka a yau. Ta wannan ɓangaren ya fi gaskiya a fili.

Zuwa nan mai karatu zai iya cewa ai magana ta ƙare, obadiraf ya yi nasara. Sai dai duk lissafin da muka yi na wata guda ne, ma'aikaci kuwa ba wata guda yake rayuwa ba.

Mu koma wurin malamin nan ranar 28. Alat ya shigo, 150,000. Ya duba abin da ke cikin asusu ya ga bai wuce 100,000 ba, domin bankin bai jira izininsa ba, albashin da kansa ya cike ramin kafin komai. Buƙatun gidansa kuwa ba su ragu ba. Kuɗin da a da ke kai shi 10 ga wata yanzu ba zai kai shi ba, sai ya koma ƙofar da wuri, ya kuma shiga da zurfi. Wata na uku ya taɓo iyaka. Daga nan rayuwarsa ta koma rabi da rabi: albashi ya shigo, 75,000 ta tafi, ya ci 75,000 na 'yan kwanaki, ya sake cin ta banki zuwa ƙarshen wata. Kamar littafin bashin mai kanti ne na unguwa, wanda ake sharewa ranar albashi a sake buɗe sabon shafi washegari, illa dai mai kanti ba ya ɗora ruwa. A idon banki wannan abokin hulɗa ne nagari, tunda kowane wata yana biya tsaf. A zahiri kuwa bashin bai ragu da ko naira ɗaya ba.

Ruwan da yake biya a wannan hali ba shi da yawa, kuma ƙarancin nasa ne ke sa a saki jiki. Idan a kowane wata ana bin sa kimanin 50,000 na kwana goma sha biyar, ruwan bai wuce naira 620 ba, wato kusan 7,400 a shekara. Kuɗin kati ne, ba wanda zai hana shi barci. Amma a ƙarshen shekarar yana nan inda yake, rabin albashinsa ba nasa ba ne. Da 75,000 ɗin nan bashi ne na wata shida a kan abin da ya rage, da ana cire masa kusan 13,600 a wata, ruwan duka kusan 6,700, kuma a wata na bakwai albashinsa ya dawo masa cif. Kuɗin ruwan sun yi kusa da juna. Ɗaya yana da ranar ƙarewa a rubuce, ɗayan kuwa sai ranar da mai shi ya iya matse cikinsa ya rayu wata guda cur a kan rabin albashi, abin da mai iyali a wannan tsadar ba ya iyawa cikin sauƙi.

Haka nan nauyin ranar biya ya bambanta. Bankuna da yawa kan auna bashin albashi ta yadda abin da za a cire a wata ba zai wuce kashi ɗaya cikin uku na albashi ba. Iyakar obadiraf kuwa takan kai wajen rabin albashin wata, kuma idan mutum ya cika ta, duka ake ɗauka rana ɗaya. Gaskiya ne yana iya sake cira nan take, amma sake cirar sabon bashi ne da sabon ruwa.

Ga kuma abin da ya fi damun ma'aikacin jiha da na ƙaramar hukuma, wato jinkirin albashi. Ba a manta da 2015 ba, lokacin da jihohi da dama suka tara bashin albashi na watanni har sai da gwamnatin tarayya ta ba su kuɗin ceto. A irin wannan yanayi kowanne daga cikin biyun da yadda yake ciwo. Obadiraf na 75,000 da albashi bai zo ya share ba yana tara kusan naira 1,850 a wata. Ranar ƙarshen wata za a cire wannan ruwa daga asusun da babu komai a ciki, sai ya hau kan bashin ya zama uwa, wata mai zuwa shi ma ya haifi nasa ruwan. Kashi biyu da rabi a wata idan yana hawa kan kansa haka, a shekara ya kai kashi 34 da rabi, ba 30 ba. Sannan tunda mutum yana bakin iyaka, ruwan da aka ɗora ne zai tura shi ya tsallake ta, abin da ya tsallake kuma yana jawo tara. Jagorar nan ta 2020 ta yarda da tarar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin ɗari a wata ba a kan abin da aka kasa biya, bayan ruwan da aka saba. Bashin albashi ma bai tsira ba: ranar biya za ta zo asusu fayau, kason watan ya zama bashin da ya wuce wa'adi, tara ta hau kansa, sunan mutum ya shiga rajistar masu jinkiri da bankuna ke dubawa kafin su ba da rance. Ranar da aka saki albashin wata ɗaya daga cikin watannin da aka riƙe, banki ne zai fara ɗiban nasa a duka biyun. Abin da ke ci mini rai a nan shi ne ma'aikacin bai yi laifin komai ba. Ya je aiki, wanda ya ɗauke shi ne bai biya ba, amma shi ake ci tara.

Kason ruwan kansa ma ba a daskare yake ba. A farkon 2022 ma'aunin ruwa na Babban Banki yana kan kashi 11 da rabi, zuwa Nuwamban 2024 ya kai kashi 27 da rabi. Ruwan obadiraf yakan bi wannan ma'auni, kuma da zarar banki ya sanar da sabon kaso, a kan duk abin da ake bin ka zai hau. Mai bashin albashi ya fi samun kwanciyar hankali idan an rubuta masa cewa kasonsa tsayayye ne har ƙarshe. Idan kuwa takardar ta ce banki na da ikon sake duba kason gwargwadon halin kasuwa, kamar yadda da yawa ke cewa, to shi ma yana cikin jirgi ɗaya da ɗan'uwansa.

Canza banki kuma ya daina zama mafita ga kowa. Tun 1 ga Agustan 2020 tsarin GSI na Babban Banki ya ba mai bin bashi damar bin lambar BVN ya ɗebi haƙƙinsa daga asusun da mutum ke da shi a wasu bankuna. Wanda ya bar aiki ko aka sallame shi, idan bashin albashi ne a kansa, aƙalla ya san adadin da ya rage da yadda aka tsara shi. Idan obadiraf ne, izini ne da aka bayar saboda albashi, kuma banki na iya rufe ƙofar ya nemi kuɗinsa gaba ɗaya da zarar albashin ya daina shigowa.

Wahalar gane tsadar obadiraf ba a Najeriya kaɗai take ba. A Birtaniya bankuna sun daɗe suna cajin kuɗin yini da na wata a kansa, har hukumar da ke sa ido kan harkokin kuɗi ta ƙasar, FCA, ta hana hakan daga Afrilun 2020, ta ce kowane banki ya faɗi kaso guda na shekara wanda kowa zai iya kwatantawa. Da aka fito da shi fili, manyan bankunan sai suka tsaya a wajen kashi 40 cikin ɗari, sama da ruwan yawancin katunan bashi na ƙasar. Mutane da dama a ranar suka fara sanin abin da suke biya.

Akwai masu karatu da yawa da duk wannan awo bai shafe su ba, domin a wurinsu biyun bashi ne da ruwa, kuma malamai ba su bambanta kaɗan da mai yawa ba wajen haramcinsa. Wannan matsayi ne da ya wuce lissafi, kuma yanzu yana da inda zai dosa. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank ya biyo baya a 2019, Lotus a 2021. A tsarin murabaha banki ne ke sayen kayan da kake buƙata ya sayar maka da ribar da aka sani tun farko, ka biya a hankali, kuma farashin ba ya ƙaruwa da ƙaruwar kwanaki. Ga adashi, ga ƙungiyoyin taimakon juna na ma'aikata da ke ba da rance ba ruwa a ma'aikatu da makarantu da yawa. Sai dai waɗannan sun fi dacewa da buƙatar da aka hango daga nesa, kamar firji ko buhunan abinci ko kuɗin haya. Ciwon dare da ke neman 30,000 kafin asuba shi ne inda har yanzu suke da rauni, shi ne kuma inda obadiraf ke samun mutane.

Ga wanda ya riga ya yanke shawarar karɓar ɗaya daga cikin biyun, ni a ganina tambayar da ta raba gardama ita ce: giɓin na kwanaki ne ko na albashi? Idan albashinka yana isarka, yana kuma zuwa a kan lokaci, matsalar kawai kuɗin makaranta ne ya riga shi da mako guda, obadiraf ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma karɓar bashin wata shida don toshe ramin kwana bakwai asara ce. Idan kuwa buƙatar ta fi ƙarfin albashin wata ɗaya, ko albashin ne ba ya kaiwa ƙarshen wata, na fi yarda da bashin mai wa'adi a kan abin da ya rage, duk da cewa ruwansa ya fi fitowa fili, saboda yana tilasta biyan uwa. Yawancin ma'aikatanmu, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000 tun Yulin 2024, a rukuni na biyu suke, ko da sun ɗauka a na farko suke.

Mutum na iya gane rukuninsa ba tare da ya tambayi kowa ba. Ya nemi bayanin asusunsa na wata shida, ya ƙirga kwanakin da ya yi ƙasa da sifili a kowane wata. Idan a watan farko biyar ne, a na shida sun zama ashirin, obadiraf ɗin ya riga ya zama bashi na dindindin. Wanda ya ga haka ya je wurin mai kula da asusunsa ya ce: "Ranka ya daɗe, so nake a mayar mini da abin da ake bi na ya zama bashin da zan biya cikin wata shida, a kan abin da ya rage, sannan a rufe mini wannan ƙofar." Kashi na biyu na maganar ya fi na farko wuyar faɗa, kuma in ba a rufe ƙofar ba, kafin wata uku mutum zai tarar yana biyan bashi biyu daga albashi ɗaya. Kafin ya sa hannu kuma ya nemi a rubuta masa a takarda jimillar abin da zai biya da naira, haɗe da kuɗin gudanarwa da haraji da inshora, ya tafi da ita gida ya kwana a kanta.